Farin Mayafin da Ya Koma Shuɗi

…ai ampul ɗin ne. Ampul ɗin ne mana! Wa bai san ampul ɗin ɗakin Fati ba, ƙwan lantarkin nan wanda mijinta Halilu ya sayo a kasuwar Maigatari, haskensa kamar an dama ɗorawa an watsa wa bango? Ko ƙwaryar nono ka ɗauka a ƙarƙashinsa rawaya za ta fito. To ita Hindatu me ta yi? Aikinta ta yi. Abin da take yi kullum.

Tana zaune a bencin barandar asibiti a Magarya, rana ta take, salula a cinya. Ta buɗe. Ta rufe. Ta sake buɗewa. Bayan gilashin tagar can ɗan ƙanwarta Fati ne kwance, kwana shida a duniya, tsirara, an ɗaure masa idanu da ƙyalle, an kunna masa wata fitila shuɗiya a kai — wai ita ke cire wa jarirai shawara. Shuɗi. Oh ni, ikon Allah… shuɗin da ita ma ta zuba masa.

Shekara huɗu tana sana'ar nan. Duk garinsu Mallawa, in dai hoton cikin ɗaki ne, ɗakin amarya, ɗakin maijego, inda namiji ba ya sa ƙafa, sai a ce a kira Hindatu mai hoto. Ɗakunan kuwa an san su: taga kamar tafin hannu, ita ma an toshe da tsumma. Farin ampul ya mai da mace toka-toka kamar ta kwana a murhu, jan ampul ya mai da ita kamar an shafe ta da manja. Sai Hindatu ta ɗora yatsa a layin nan na cikin salula, ta ja shi wajen shuɗi ko wajen rawaya, a hankali, har fata ta dawo fatar mutum. Hindatu hannunki da albarka. Hindatu kin fi madubi adalci. Ta ji daɗi kuwa, ƙarya fure take ba ta ƴaƴa, kanta ya kumbura.

Ran Talata — kwana uku da haihuwa. Fati ta ce yaron nan barcinsa ya yi yawa, nono ma sai an tashe shi. Inna Daso, kakarsu, ta ce ke raba mu da fitina, ɗa mai haƙuri Allah ya ba ki, hasken nan kuma na jarirai ne, mai son sanin launinsa ya dubi kunne. Aka dai kira Yaya Balkisu, babbarsu, da ke aikin ungozoma a asibiti a Damagaram. Ta ce Hindatu ɗauko min shi a hoto yanzu, in ga jikinsa.

In ga jikinsa. Haka ta ce, da bakinta. Ba ta ce in ga kyansa ba.

Amma hoton farko na ɗan Fati fa… zai shiga birni, Yaya za ta nuna wa abokan aiki, a ce wa ya ɗauka? A tura shi haka, rawaya kamar kabewa? Ita Hindatu? Haba! Minti nawa ne. Ta fito tsakar gida, ta jingina da rumbu, ta gyara, ta tura. Muryar Yaya ta dawo tana dariya: tubarkalla, jajir da shi, lafiyarsa lau, ku dai dinga tashinsa yana sha. Har guɗa Inna Daso ta yi.

Wata mata ta wuce da kwanon fura, takalminta na ja, fyat, fyat. Wani yana tari a ɗakin can. Hindatu ba ta sa komai a baki ba tun safe, kuma ba yunwa.

Kukan safiyar yau… wannan siririn kukan, kamar ba na mutum ba. Yaron ya sanƙare, ya lanƙwasa baya. Sai da aka fito da shi hasken rana — karo na farko, don wa ke fito da ɗan jego waje kafin suna? — sai ga farin idonsa kamar gwaiduwar ƙwai. Babu ampul a tsakar gida. Babu ampul a motar da ta kawo su. Likita ya buɗe idon da yatsa, ya ce tun yaushe? Da kun kawo shi shekaranjiya… Bai ƙarasa ba. Me ya sa ba sa ƙarasawa? Ya ce a yi addu'a, ko ya tashi ma sai an duba jinsa. Gobe suna. Rago na ɗaure a gindin bishiyar bedi, an jiƙa gero, Halilu ya zaɓi Zakariya'u, sunan babansa. Yanzu ga shi can bakin ƙofa a tsugune, ya rungume gwiwa, namiji guda.

Ita Yaya Balkisu motar farko ta hau. Tun da ta iso magana ɗaya take nanatawa: ni ce, ni ce, shekara goma sha biyu ina kallon jarirai, na ga hoto na ce lafiya lau. Fati na ba ta haƙuri. Fati! Mai ɗa a ƙarƙashin fitila ita ke ba da haƙuri. Hindatu kuwa ta sulale waje, ta samu benci.

Hotunan biyu ne a salula. Na asali bai tafi ko'ina ba, ga shi kusa da ɗan'uwansa. Ta ja yatsa — rawaya. Ta ja — jajir. Rawaya. Jajir. Ampul ɗin ne, wallahi kowa zai…

Mayafin.

Farin mayafin Fati da aka shimfiɗa masa. Ba ita ta kafa wa kanta dokar ba? Nemi farin abu a cikin hoto, ja layi har farin ya zama fari, ki tsaya nan. Nan gaskiyar launi take. Shekara huɗu ba ta taɓa karya ta ba. Ran Talata ta ja, mayafi ya yi fari fat — yaro yana nan rawaya. Ta ƙara ja. Yana nan. Ta ƙara… har yaro ya yi kyau, mayafi ya koma shuɗi kamar an tsoma shi a bula. Ta gani. Ta ce a ranta wannan zai ɓata hoto. Ta yanke gefe da gefe, ta bar fuska da ƙirji.

Ta gani. Innalillahi… hoton ya faɗa mata, ta yanke masa baki.

Benci ya motsa. Yaya Balkisu ce ta zauna, idanu sun kumbura, ɗankwali ya zame ba ta sani ba.

"Hindatu, tawa ba caji. Ba ni hoton nan in sake dubawa, in ga inda idona ya tafi."

Hannun Yaya a miƙe. Hotuna biyu, gefe da gefe. Bayan gilashi fitila na ci, ƙirjin yaro na hawa, yana sauka, yana hawa… Yatsan Hindatu na kan salula, tsakanin rawaya da jajir, ya ƙi motsi.