Farantin Inna Mai Kifi

Inna ta daina cin abinci ranar da farantinta ya fashe. Da hannunta ta ture shi tana laluben kofin shayi, ya faɗo daga kan tebur ya daki siminti. Ina kicin na ji ƙarar. Kafin in fito har ta durƙusa a kan tsingaron, ta zuba masa ido. Na ɗaga ta, na share wurin, na ƙulle gutsattsarin a cikin tawul.

Shekarunta sun haura tamanin, ciwon mantuwa kuma ya daɗe da cin ƙarfinta. Ni da ta haifa, Phaik Suan, wani lokacin sai ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. A gidanmu na birnin George Town ta haife mu duka, amma takan tashi da safe ta ce a mai da ita gida. Abu ɗaya ne bai taɓa ɓace mata ba, wannan farantin tangaran mai ɗan zurfi, fari da zanen shuɗi, da kifi guda a tsakiya ya lanƙwashe jela. A cikinsa uwarta ta ba ta abinci tun tana yarinya. Duk abin da aka zuba a ciki za ta cinye, ko da ba ta san wanda ya zuba ba.

Da yamma na kawo mata kunun shinkafa da busasshen kifi a wani kwanon. Ta kau da kai, ta ce ita ba ta cin abinci a gidan mutane. Washegari ma haka. Na dafa duk abin da na san tana so, na yi lallashi, na yi faɗa, har na zauna gabanta ina ci don ta ga ba komai a ciki. Ruwa kaɗai take yarda in ɗiga mata da cokali, shi ma sai ta ga dama.

Yayana Kean Hock ya bar shagonsa ya zagaye kasuwa, ya dawo da wani faranti sabo ful, fari da shuɗi, har da kifinsa. Inna ta karɓa, ta shafa gindinsa da ɗan yatsa, ta tura masa abinsa. Ko kallon zanen ba ta yi ba.

Da likita ya zo ya tsunkuli fatar hannunta, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ya ce in mako ya ƙare ba ta ci ba, sai dai a kai ta asibiti a zura mata roba ta hanci. Da irin wannan robar babanmu ya rasu, an ɗaure masa hannuwa jikin gado don kada ya cire. Tun tana da hankalinta Inna ta kai mu gaban teburin da muke girmama kakanni a kansa, ta sa muka yi alkawarin ba za mu bari a yi mata haka ba. Bayan tafiyar likita ni da Yaya muka yi ta cacar baki. Ya ce alkawari ba zai sa ya zuba ido uwarsa ta mutu da yunwa ba. Na ce shi ba ya nan ranar da Baba yake fizge-fizge. Maganar ta yi masa zafi, ni ma na san ta yi yawa.

Wata maƙwabciya ce ta kwatanta mana shagon Gwaggo Quah, wata tsohuwa mai gyaran tsofaffin tangaran a wani lungu kusa da tashar jirgin ruwa. Muka same ta tana shan shayi a tsakiyar tuluna da kwanuka. Ta kwance tawul ɗin, ta jera gutsattsarin a kan tabarmar tebur, ta ɗauki gindin ta juya shi wajen haske.

Yaya ya ce mata a gida an daɗe ana cewa tun zamanin sarakunan daular Ming, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, aka yi shi.

Ta yi dariya. "Kowane gida a garin nan Ming ne da su, har kwanon kyanwa. Kawo yatsanka."

Ta ɗora yatsansa a kan zoben gindin, inda babu sheƙi, ta ce ya ji yashin da ya maƙale tun lokacin da aka gasa shi a wuta. Ta nuna mana yadda shuɗin ya ɗan yi toka-toka, ya taru a wani wuri ya dushe a wani, da yadda mai zanen ya ja jelar kifin da bugu ɗaya kamar mai sauri. Babu tambarin sarki a bayansa. Ta ce a ƙananan wuraren gasa tangaran na lardin Fujian ake yin irinsu, wajen ƙarshen daular Qing wadda ta biyo bayan Ming, a loda a jiragen ruwa a kawo wa matan aure su ci abinci. Ya haura shekara ɗari da kyau, amma ba kayan fada ba ne.

Na ce ni ko jiya aka yi shi ban damu ba, zai gyaru?

Ta ce akwai gam na zamani da za ta haɗa shi ba wanda zai ga tabo, amma wannan na ajiya ne a kabad. In aka zuba abu mai zafi zai saki, kuma bai dace ya shiga cikin mutum ba. Wanda za a ci abinci a ciki sai dai ɗinki irin na da: a huda ƙananan ramuka ta baya, ba tare da sun ɓulla ba, a kama tsagar da 'yan ƙarafan tagulla. A wajen babanta ta koya, amma rabonta da yi tun kafin ta yi furfura. Ta ɗaga hannunta na dama ta nuna mana yadda yake rawa. In abin hujin ya zarce ko kaɗan, tangaran ɗin zai sake darewa, daga nan kuma babu sauran dabara.

Sai ta matso da gutsattsarin jikin juna. A tsakiya aka bar rami kamar faɗin babban yatsa.

"Ina kan kifin?"

Muka koma gida a guje. Muka janye kabad, muka ɗaga tabarma, Yaya ya zazzage bola a tsakar gida yana tonawa da hannu, ni kuma na zura waya a magudanar ruwa. Babu. Na zauna a ƙasa na rasa abin da zan yi, sai na tashi in goge wa Inna jiki, don kawai hannuna ya sami aiki. Jikinta duk ya zube, haƙarƙarinta a waje. Da na zo hannun hagu na same shi a dunƙule, da busasshen jini a tsakanin yatsu. Ta gefen ɗan ƙaramin yatsa wani farin tsini ya leƙo.

Na roƙe ta ta ba ni, ta ƙara matsewa. Yaya ya ce in riƙe ta. Ya kama yatsun yana ɓamɓarewa ɗaya bayan ɗaya, sabon jini ya fara fitowa. Inna ta fasa wani irin kuka na ƙaramar yarinya, tana kiran uwarta ta zo, ɓarayi sun shigo. Yaya ya saki hannun kamar wuta ta ƙona shi. Ya fita ya zauna a kan matakala ya rufe fuska.

Ni kaɗai na koma shagon. Na durƙusa gaban Gwaggo Quah na ce ta cike ramin da ko mene ne. Ta ce duk abin da ta cika da shi kunu zai jiƙa shi ya faɗo. Ta kalle ni, sannan ta tambayi shekarun Inna da unguwar da ta tashi. Da na faɗa mata sai ta miƙe da ƙyar, ta jawo wani tsohon akwatin katako daga ƙarƙashin tebur, ta ce in tsayar mana da mai keken haya.

Da muka isa ba ta shiga ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta gyara murya, ta ja kira mai tsawo irin na masu yawon ɗinkin kwano a zamanin yarintar Inna: "Ɗinkin kwano! Ɗinkin faranti!"

Na leƙa ɗaki. Inna, wadda tun safe ko motsi ba ta yi, ta ɗago kai daga matashi.

"Yi maza ki tsai da shi kafin ya wuce," in ji ta.

Muka fito da ita muka jingina ta a kujera. Gwaggo Quah ta zauna a ɗan benci, ta shimfiɗa ƙyalle a cinya, ta haɗa manyan ɓangarorin ta ɗaure su da igiya. Ta miƙa tafin hannu ba tare da ta ɗago kai ba.

"Uwar gida, saura guda. Ko kifi marar kai kike so?"

Inna ta kalle ta sama da ƙasa. "Yau mace aka turo? Ina tsohon?"

"Yana gida, ƙafa ta hana shi fita."

"To ki yi a hankali. Na uwata ne, in kika ɓata da ni za ta yi."

Ta buɗe hannun. Tsingaron ya nutse a tafinta, sai da na ciro shi da kaina.

Abin hujin ɗan sanda ne mai tsini, ana juya shi da baka mai tsirkiya. Gwaggo ta ɗora tsinin, hannunta ya yi ta karkarwa, ta ɗage. Ta sake ɗorawa ta sake ɗagewa. Sai ta kira Yaya ta ce ya durƙusa ya tallafe mata gwiwar hannu, kada ya yi numfashi da ƙarfi. Haka suka yi aikin, shi yana riƙe, ita tana ja, ƙarar tana fita siririya. A kusa da baki wani ɗan ɓalli ya tashi, muka daskare gaba ɗaya. Ta duba, ta ce bai shiga ciki ba, ta ci gaba. Ta riƙa sa ƙarafan tana ƙwanƙwasa su da 'yar guduma, daga ƙarshe ta shafe tsagar da farin ƙwai da farar ƙasa. Zufa ta jiƙe mata riga sharkaf.

Ta ce a bar shi ya kwana ya bushe. Inna ta ce a ba ta abinta. Ta rungume shi a ƙirji ta ƙi saki, muka ƙyale ta da shi.

Da safe na wanke shi, na zuba kunu kaɗan mai ɗumi, na ɗaga ina duba ƙasansa. Bai ɗiga ba. Na ajiye mata. Ta daɗe tana bin ƙarafan da yatsa ta baya, Yaya yana tsaye jikin ƙofa riƙe da makullin mota, don ranar ce za mu kai ta asibiti. Can ta ɗauki cokali. Hannun ba ƙarfi, rabin kunun ya zube a rigarta. Ta sake ɗiba, wannan ya shiga. Ta haɗiye da ƙyar, ta yamutsa fuska ta ce babu gishiri.

Ba ta ci da yawa ba ranar, kuma ƙarfinta bai taɓa dawowa kamar da ba. Ciwon tafin hannun ya yi ruwa, sai da aka yi ta wanki. Amma ta ci gaba da ci kaɗan-kaɗan har bayan bikin sabuwar shekara, sannan ta rasu a gadonta, wata safiya ina shanya kaya a sama.

Bayan an gama zaman makoki na kai wa Gwaggo Quah lemo da waina. Na tarar an fitar da kaya ana lodawa a mota, ɗanta ya zo daga garin Ipoh zai tafi da ita, don hannun ya kai ba ta iya riƙe kofi. Na taya su naɗe kwanuka a jarida har la'asar.