Madobiyar Bayan Ɗakin Taro

Ina tsakiyar Kasuwar Jalingo ina cinikin randuna sai Hanifa, abokiyar aikina a sashen nazarin gandun daji, ta kira ni.

"Dakta Bara'atu, kina ina? Hayaƙi nake gani ta bayan ɗakin taro."

Na juya da gudu. Ban ko yi wa mai randunan sallama ba.

Jibi ne jami'armu za ta karɓi taron masana kan kare muhalli, ni ce sakatariyar kwamiti. Ni na kafe ba za a raba ruwan leda ba sai na randa, ba abinci a roba, har abokan aiki suka laƙaba mini Hajiya Randa. Duk wannan ƙura ce kawai nake tayarwa. Abin da ke zuciyata yana bayan ɗakin taron: ƴan itatuwan madobiya da na raina. Ita ce masu katako ke kira madirid, wadda suka yi ta sara suna lodawa a tirela har dazukanmu suka koma fili. Irin na tsinto shi ne a ƙarƙashin bishiya ɗaya da ta rage a gonar Baffana, kuma bara ita ma an kayar da ita. Ba ni da wani irin, ba ni da inda zan samo.

Da gangan na bar ciyawa ta yi tsawo a wurin, don ta yi musu inuwa ta kuma ɓoye su daga awakin unguwa. Amma a jami'ar nan, in aka ce manyan baƙi za su zo, komai kore abin kunya ne. A sassabe, a tara, a cinna wuta, a shafa wa duwatsu farar ƙasa. Na faɗa wa shugaban kwamiti, Farfesa Maishanu, a ofis cewa kada a taɓa wurin, na faɗa masa a bakin masallaci, na tura Maman Zulai matarsa ta tuna masa. Kullum amsar ɗaya ce: "Ba damuwa, Dakta."

Na faɗa keke ina kiran Farfesa, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka. Na kira ofishin ayyuka, aka ce oga yana mitin. Mitin a kan me? A kan muhalli! A hanyar Turaki muka tarar da mota ta lalace ta tare titi. Na roƙi mai keken ya bi ta lungu, na ce masa, "Don girman Allah, ɗan'uwa, ƴaƴana ne a cikin wuta." Ya taka kamar zai tashi sama. Ban ji na yi masa ƙarya ba.

Da na isa, wutar ta gama abin da za ta yi. Fili baƙi ƙirin, ƙananan sanduna tsaye suna hayaƙi. Na durƙusa ina tona gindinsu da hannu, tokar tana ƙona ni, ko Allah zai sa saiwa ɗaya ta tsira. Duk wadda na taɓa sai ta karye. Na yi kuka a gaban ɗalibai, ban kuma damu ba.

Sai ga Godwin, shugaban masu share harabar, yana share gumi yana murmushi.

"Madam Dakta, ka zo? Na ce ma yara a fara da wurin ki. Ke ne mai wannan konfarens, bai kamata baƙi ya ga wurin ki da datti ba. Ko abinci ba mu ci ba."

Na buɗe baki in zage shi, na kasa. Mutumin nan girmama ni ya yi. Ba wanda ya gaya masa komai.

A lokacin wayata ta yi ƙara. Farfesa ne.

"Dakta, na ga kiranki, ina mitin ne. Albishir! Babban baƙo ya yarda zai dasa bishiya ranar buɗe taro, ƴan jarida za su ɗauka. Na ce masa muna da irin namu na gida da ba kowa ke da shi ba. Don Allah, ki zaɓo mana mai kyau a cikin madobiyarki."

Na dubi hannuwana.

"Dakta? Kina ji na?"

"Ina ji, ranka ya daɗe," na ce.