Faifan Jafaru

Shekarar da kuɗin Udoji suka fito, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, har ƙauyukan Sandamu sai da rediyo mai kaset ta shiga. Maharazu bai taɓa aikin gwamnati ba. Noman gyaɗa yake yi da fataucin tumaki, kuma mutum ne da ba ya sayen abin da ba a ci, ba a sawa. Amma da ma'aikata suka kwashe ragunansa da tsada, sai ga shi ya shigo gida da rediyo a kafaɗa. Ba don kiɗa ya saya ba, don faifan Jafaru ne.

Jafaru ɗansa ne na fari. Ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, bai dawo ba. Kafin a kashe shi ya aiko da muryarsa a wani ƙaramin faifai mai zare, irin na rikodar da. Abokinsa da ya zo hutu shi ya kawo, ya kunna a zaure da tasa rikodar, maza suka cika suna ji. Aka aika wa Hadijatu, uwar Jafaru, ta zo ta tsaya ko a bayan zana ne, ta ƙi. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle a gan ta ta kasa kunne gaban mutane. Ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Abokin ya koma da rikodarsa ya bar faifan, ba a jima ba saƙon rasuwa ya iso.

Tun daga nan faifan yake cikin kwallarta, naɗe a hular Jafaru. Duk Juma'a sai ta fito da shi ta ɗiga masa turare, yadda take yi wa hular, ta mayar. Ba ta taɓa jin abin da ke ciki ba. Da ciwon ƙirji ya kwantar da ita a daminar nan, ta ce wa mijinta, ba tare da ta dube shi ba, tana so ta ji yaron nan kafin ta tafi.

Maharazu ya ɗauki faifai da rediyo ya hau mota zuwa Daura, wajen Kalilu mai gyaran rediyo a bakin tasha. Shi a tunaninsa buɗe rediyon za a yi a cusa faifan, shi ke nan. Kalilu ya yi dariya ya ce ba haka abin yake ba, sai an kwashe muryar daga faifai an zuba a kaset. Ya jawo wata tsohuwar rikoda daga ƙarƙashin tebur, mai nauyin dutsen niƙa, wadda ba ta aiki sai da lantarki. Da a ce ana iya kai ta ƙauye da an huta. Ya ce waya za a haɗa tsakaninta da rediyon, ita tana faɗa, kaset yana ɗauka.

Zuwan farko bel ɗin tsohuwar ya narke, ba ta ko juyawa. Kalilu ya yanko robar tayar keke ya sa. Zuwa na biyu waya ta hana. Bakin tsohuwar zagaye yake, da 'yan ƙananan ramuka jere a ciki, na sabuwar kuwa rami ɗaya tal. Duk wayar da ke shagon, in ta shiga nan sai ta ƙi can. Maharazu ya ce wane irin rashin hankali ne masu ƙera kaya su kasa yin baki iri ɗaya. Kalilu ya ce wannan ta Jamus ce, waccan ta Japan, ba su san juna ba.

Zuwa na uku an kawo waya daga Kano, ita ma kai ɗaya ne ya dace. Kalilu ya datse ɗayan, ya liƙa wani da dalma. Da aka jona sai rediyon ta kama gurnani kamar an taɓa amya. Ya cire, ya sauya siririyar waya ɗaya, gurnanin ya ɗauke. Ya taɓa bakin wayar da yatsa, allurar rediyon ta motsa. Ya ce da alama an dace.

Sai ya warware hular, ƙanshi ya cika rumfar. Ya ja zaren kaɗan ya ji yana danƙo a yatsa, ya tambaya me aka zuba masa. Maharazu ya ce turare ne, uwar yaron ce take sawa. Kalilu ya ce maiƙon turare ba ya shiri da irin wannan zare, gara a dakata ya aro wani faifan a gwada wayar da shi tukuna.

"Ni ba zan sake komawa in ce mata gobe ba," in ji Maharazu. "Matar nan tari take har da jini. Kunna."

"Baba, kwana biyu kawai."

"Na ce kunna."

Kalilu ya danne jan maɓallin rediyon, ya murɗa tsohuwar. Aka ji shuuu, sai muryar Jafaru ta fito daga lasifikar rikodar, ƙarama, kamar daga cikin rijiya. Ya gai da Baba, ya tambayi gyaɗa, ya tambayi ragon nan mai karyayyen ƙaho ko an sayar. Maharazu ya dafa tebur. Ashe ya manta yadda yaron yake jan magana in zai yi dariya.

Ana cikin haka Kalilu ya ga wani gari ja-ja yana zuba inda zaren ke gogawa, zaren kuma yana wucewa fari, ana ganin haske ta cikinsa. Ya kai hannu zai tsayar, Maharazu ya riƙe masa wuyan hannu. Ai kaset yana ɗauka.

"Ku ce wa Inna ta daina ɓuya in na dawo," in ji muryar. "Ƙuli-ƙulin da ta cusa mini a jaka ba ta ce komai ba, na gan shi a Kaduna. Na cinye, ban ba kowa ba."

Zaren ya ƙare. Kalilu ya mayar da kaset baya ya kunna. Ba komai sai shuuu. Ya ƙara murya, ya juya ɗaya gefen, ya jijjiga wayar. Sannan ya zare kan wayar da ya liƙa ya duba da kyau: dalmar a ƙafafunsa da ke shigar da murya take, ba masu fitar da ita ba. Nan take ya gyara, suka mayar da faifan. Faifan ya juya tun daga farko har ƙarshe bai ce uffan ba. Muryar tana kan tebur, ta zama gari.

Kalilu ya fara ba da haƙuri. Maharazu bai zage shi ba. Ya share garin da gefen hannu ya tara a tafinsa, ya zuba cikin hular, ya ɗora faifan a kai ya naɗe.

Da la'asar ya isa gida. Hadijatu ta yi wanka ta ɗaura zanen salla, ta shimfiɗa tabarma a ɗaki, ta kori kowa. Ya ajiye rediyon a bakin ƙofa. Mutumin da duk kasuwa ta sani ba ya ɓoye aibin rago in zai sayar, ya ce mata wayar ba ta dace ba, tsohuwar rikodar kuma ta ƙone ana tsakiyar gwaji.

Ta dubi rediyon ta jima, sannan ta ce, "Malam, kafin ta ƙone, ya yi magana?"

Ya ce ya yi. Ya faɗa mata zancen ƙuli-ƙulin, kalma da kalma, da tasa tsohuwar muryar. Ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Can ta ce ashe ya gani.

Ta miƙa hannu ya ba ta hular. Ta ce a bari har Allah ya kawo wayar da ta dace, tana jira. Ranar ba Juma'a ba ce, amma ta jawo kwalbar turaren daga kwalla, ta buɗe. Maharazu yana tsaye yana kallo ta ɗiga wa faifan, bai hana ta ba.