Kasuwar Bandan Zilam

Ni da Dokta Wangbara ofis ɗaya muke zama a jami'a, nan Marwa, a sashen tattalin arziki. Tebur biyu ne a ciki, da fankar da ba ta juyawa sai ta ga dama. Shi mutumin ƙasar Tupuri ne, dogo, mai jiki, in yana dariya har kujerarsa na kuka. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka Babban Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini 'yar Fulani ko a gaban ɗalibai ne.

Ni a kan farashin albasa da dawa nake bincike, irin aikin da ba ya sa a gayyaci mutum taro. Shi kuwa tun da rikicin tafkin Cadi ya tsallako mana, sai ya koma bin sawun banda. Masunta kan kama kifi a tsibirai, su ƙyafe shi, a kawo shi kasuwar Zilam da ke bakin ruwa kowace Laraba, daga nan manyan motoci su kwashe shi su yi kudu. Tsibiran kuwa suna hannun 'yan bindiga, waɗanda mutanen wurin ke kira mutanen daji don gudun ambaton suna. Wangbara so yake ya gane abin da ke tsakanin wannan ciniki da wannan yaƙi. Shekaru ya yi yana zirga-zirga, ya tafi da kumatu, ya dawo a rame yana warin hayaƙi.

Abin da ya gano ƙafa biyu gare shi. Ta farko, babu kwalin banda da ke fitowa daga tsibirai sai mutanen daji sun karɓi nasu kaso. Ta biyu, duk garin da aka taɓa rufe wa kasuwa, samarinsa sun fi na ko'ina shiga daji, domin da kasuwa ta mutu ba mai ɗaukar su aiki sai mai bindiga. Shawararsa ita ce a bar kasuwa a buɗe, a tsare hanya, a ba masunta wurin sauke kaya da ba sai sun bi ta hannun mutanen daji ba.

Ƙungiyar da ta ɗauki nauyin aikin ta kira taro a wani otel a Yawunde, na raka shi. Daga cikin manyan baƙi akwai wani babban jami'i da ke kula da tsaron yankinmu, yana zaune a gaba da wayoyi biyu a kan cinyarsa. Wangbara ya tashi ya yi bayanin ƙafar farko tiryan-tiryan, jami'in yana gyaɗa kai har da ɗan rubutu. Yana shirin shiga ta biyu ke nan wayar jami'in ta yi ƙara, ya miƙe, masu tsaronsa suka miƙe, rabin sahun gaba ya watse. Sauran bayanin mu ’yan jami'a muka saurara, da ma'aikatan otel da ke jera kofunan shayi.

A hanyar dawowa na ce, "Babban Yaya, ai mutuminka bai ji ƙarshen magana ba."

Ya ce, "Rahoton yana hannunsa, 'yar Fulani. In ma ya karanta, ai ya zama na farko a tarihin ƙasar nan. Bar ni in yi barci."

Damina ta shigo, muna tsakiyar duba takardun jarrabawa, wayarsa ta yi ƙara. Na ga ya miƙe tsaye yana amsawa, abin da ba ya yi wa ko shugaban jami'a. Ya daɗe bai ce komai ba sai "Na'am, Hajja," da "Ina ji, Hajja." Da ya ajiye wayar sai ya zauna a hankali kamar mai ciwon baya.

Ya ce, "An rufe kasuwar Zilam. An hana fataucin banda a yankin gaba ɗaya. Jiya aka ƙona motoci da kayansu a bakin gari."

Wadda ta kira shi Hajja Yakura ce, shugabar mata masu sayar da banda. A gidanta yake cin abinci duk zuwan da yake yi, ita ce kuma ta sa mata suka saki jiki da shi har suka gaya masa abin da ba sa gaya wa kowa. Ya ce zai tafi ya gan ta. Na ce zan bi shi, don yana fama da ciwon sukari.

Sai da muka jira ranar da sojoji ke raka motoci sannan muka samu shiga. Laraba ce, amma rumfunan kasuwa ba kowa sai awaki da suka fake wa ruwa. A bakin gari ga ƙarafunan motoci sun yi baƙi, ƙaurin kifi bai gama barin wurin ba.

Hajja Yakura ta shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta sa aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa. Tsohuwa ce ƙarama, fara, da tsagar Barebari a kumatu.

Ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam Dogo, yau miyar ba kifi. An ce kifinmu ya shiga ƙungiyar mutanen daji."

Ba wanda ya yi dariya sai ita, ita ma ba ta ja ta da nisa ba.

Ya ce, "Hajja, wallahi ba abin da na rubuta ke nan ba."

Ta ce, "Ni ban iya karatu ba, ban san me ka rubuta ba. Wanda ya zo ya karanta mana umarnin dai cewa ya yi masana na jami'a sun yi bincike sun tabbatar. Mu kuwa masanin jami'a ɗaya muka sani. Ci tuwonka kada ya huce."

Ya kai loma biyu ya janye hannu. Ya tambaye ta ina Ari, ɗanta, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ke tuƙa ɗaya daga cikin motocin banda.

"Motar mai gidansa na cikin waɗanda ka gani a bakin gari. Ya yi sati yana zaune a nan inda kake. Shekaranjiya ya ce zai shiga ruwa ya nemi abin yi." Ta gyara lulluɓinta. "Ban tambaye shi wurin wa ba. In ban sani ba, ba zan yi wa soja ƙarya ba."

Da za mu tafi ta raka mu ƙofa, ta ce, "Ban kira ka don in zage ka ba, ɗan nan. Na ga dai bakinka na da ƙarfin rufe kasuwa, na ce ko yana da na buɗewa."

Daga nan Wangbara ya shiga bin ofisoshi. Nan a ce mai gida ya fita rangadi, can a ce ya dawo bayan Sallah. Sai da kaka ta yi sannan babban jami'in nan ya yarda ya gan shi, ni ma na shiga a matsayin mai riƙe masa jaka. Mutumin ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka kawo lemo mai sanyi.

Ya ce, "Dokta, ni mamaki kake ba ni. Kullum kukanku na malaman jami'a shi ne ba a karanta aikinku. Ga shi mun karanta, mun yi aiki da shi, kuma ka zo da ƙorafi?"

"Ranka ya daɗe, rabi aka ɗauka. Sauran rabin cewa ya yi kada a rufe."

"Sun karɓi kaso daga kifin nan ko ba su karɓa ba?"

"Suna karɓa."

"To, ni an ce in toshe musu hanyar kuɗi, na toshe. Maganar samari za su shiga daji hasashe ne. Gobe in aka kai hari da harsashin da kuɗin banda ya saya, ni za a tambaya, ba kai ba. Kawo mini hujja a ƙasa, ba zato ba, sai mu duba."

Ba mugun mutum ba ne, wannan ne ma ya fi gajiyar da Wangbara. Da mugu ne da ya samu wanda zai yi fushi da shi.

Ana nan sai wani abokin aikinsa Bature, farfesa a wata jami'a a Turai, ya kira shi ta kwamfuta. Ina teburina ina jin su. Murna ce fal a muryar mutumin. Ya ce a fagensu irin wannan dama ba ta samuwa sau biyu: ga bayanan Zilam kafin a rufe kasuwa, yanzu kuma za a iya tattara na bayan rufewa, a gwada da garuruwan da ba a taɓa ba. Ya ce akwai masu ba da tallafi a shirye, kuma manyan mujallu za su yi rububin bugawa.

Wangbara ya ce zai yi tunani, ya rufe kwamfutar.

Na ce, "Ka ce masa a'a mana."

Ya ce, "In ce a'a, sai in kai wa mai lemo me? Ya ce hujja yake so."

"To ka ce i."

"In ce i, na koma in zauna a zauren Hajja in tambaye ta sau nawa suke cin abinci a rana yanzu, in rubuta. Na kashe saniya, na dawo ina auna fatar." Ya murza idanunsa. "Ke dai kin huta, 'yar Fulani. Ba wanda ya taɓa ƙona mota saboda albasa."

Ya karɓi aikin. Wannan karon bai sauka gidan kowa ba, a ajin makarantar firamare yake kwana. Wasu suka amsa masa tambayoyi, wasu suka juya masa baya, wani tsoho ya tofar da yawu a gabansa. Bai taɓa ba ni labarin a tsare ba, sai dai gutsure-gutsure in muna shan shayi. Dariyar nan tasa ta ragu, ƙafafunsa suka fara kumbura, likita ya yi ta faɗa har ya gaji.

Sakamakon ya fito yadda ya faɗa tun farko, har ya zarce. Mutanen daji ba su rasa ko sisi ba, kifin ya canja hanya ne kawai, ya koma bi ta tsallaken iyaka a hannun mutanensu. Zilam kuwa ta zube. Aka buga aikin a wata babbar mujalla, aka yi masa ƙarin girma ya zama farfesa, sashenmu ya yanka rago. Ya kai kwafi ofishin jami'in da hannunsa, sai ya tarar an daɗe da yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya karɓa da ladabi, ya ce zai duba.

An buɗe kasuwar daga baya, ana saura kaɗan zaɓe. Wasu sun ce ɗan majalisar yankin ne ya matsa, wasu sun ce sojojin da kansu ne suka gaji da ciyar da gari. Ko aikin Wangbara ya taka rawa a ciki, ba wanda ya gaya mana, shi ma bai bincika ba. Lokacin Hajja Yakura ta riga ta kwashe jikokinta ta koma Kuseri wurin ƙanwarta, tana soya gyaɗa a bakin tasha. Ari kuwa wani ya ce ya gan shi a sansanin waɗanda suka miƙa wuya, wani ya ce ba shi ba ne, mai kama da shi ne.

Ranar da aka sanar da buɗewar a rediyo, Wangbara yana kula da ɗalibai masu jarrabawa a babban ɗakin taro. Na shiga na same shi a baya, ya jingina da bango ya cire takalmi ɗaya. Na raɗa masa labarin.

Ya ce, "To, madalla."

Na ce, "Ba za ka je ka gani ba?"

"Su yi cinikinsu ba tare da ni ba, ya fi musu." Ya nuna mini kujera da haɓa. "In ba ki da aji yanzu, ɗan riƙe mini su. Ina so in zauna."

Na karɓe shi. Ya ja ƙafa ya fita, ni kuma na ci gaba da zagaya layukan har aka tashi.