Wuƙa Mai Takarda

Shekara talatin da biyu ina yanka, ban taɓa ɗora wa dabba wuƙa sau biyu ba sai ran Tabaskin bara, wato Babbar Sallah. Ni ne Abdulmutallib mahauci, teburina yana unguwar Adjamé ta Abidjan, bayan Roxy, kuma duk wanda ya san wurin ya san muryata kafin ya san fuskata. Da Baba ya rasu abu biyu ya bar min: wuƙar yanka da wani maƙeri ya ƙera masa da ƙarfen sifirin mota, da ƙanina Yazidu. Ita wuƙar ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba.

Yazidu a nan Abidjan aka haife shi, bokon Faransanci ya yi, yana aiki a wani ofis wajen tashar jiragen ruwa. Hausarsa sai ka yi haƙuri da ita. Amma duk Tabaski shi ke riƙe min ƙaho, tun yana ɗan shekara ashirin. Baba ya sha gaya mana cewa mai riƙe ƙaho ransa a hannun mai wuƙa yake. In ka ja sau ɗaya ka gama, ɗan'uwanka ya tashi lafiya. In ka yi wasa, shi san zai fara nema, ba kai ba.

Da safen Sallah, muna saukowa daga idi, sai ga Yazidu a ƙofata da dogon kwali, baki har kunne. A gidan hayar da yake zaune a Treichville, magidanta bakwai ne suka haɗu suka sayi sa ɗaya na layya, ni ne zan yanka.

"Yaya, buɗe ka gani," in ji shi.

Wuƙa ce, tana ƙyalli har kana ganin haƙoranka a jikinta, ƙotarta baƙa mai laushi. Ya zaro wata takarda mai hatimi ya daki ƙirjinsa da ita.

"Garanti shekara goma! In ta karye, su ba ka sabuwa, ba tambaya. Wannan tsohuwar ta Baba ka bar ta ta huta haka."

Na ɗauke ta na auna a tafin hannu. Duk nauyin a ruwan wuƙar yake, ƙotar fanko. Na ƙwanƙwasa ta a ƙarfen ƙofa. Ta Baba in ka yi mata haka sai ta yi ta amo har ka gaji da ji. Wannan ta ce "tak" kamar ludayin miya, ta yi shiru. Wallahi nan take na san ƙyalƙyal banza ce. Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba.

Na buɗe baki zan zage shi kamar yadda na saba, sai ya ce, "Na gaya wa duk 'yan gidanmu na sayo wa Yayana wuƙar Turai. Suna can suna jira su gani."

Yaron nan tunda yake ban taɓa yaba masa abu ɗaya ba, kullum sai na ce ya zama Bature. Ni da ba na raga wa kowa a kasuwa, ran nan kara ta kama ni. Na ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Na mayar da wuƙar Baba cikin kube na rataye ta a ƙusa, na ɗauki jakar 'yan ƙananan wuƙaƙen fiɗa, muka hau mota muka tsallake gada. Tir da ni.

San fari ne, mai dogon ƙaho, irin waɗanda ake kawowa daga arewa, idonsa ja tun kafin a taɓa shi. Muka ɗaure ƙafafu muka kayar da shi a tsakar gida, muka fuskantar da shi alƙibla. Maza huɗu suka danne gangar jiki. Mata suka leƙo ta tagogi. Alhaji Badaruddeen, dattijon gidan, ya tsaya a kaina yana cewa, "To bari mu ga aikin Turai." Yazidu ya naɗe hannun farar rigarsa, ya kama ƙahonin ya murɗe kan, ya sa gwiwa ya danne. Ya dube ni ya yi murmushi.

Na ce, "Bismillahi, Allahu akbar," na ja.

Ta shiga fata, ta ɗan taɓa nama. San ya fizge kai, ruwan wuƙar ya daki ƙashin muƙamuƙi, sai na ji ɓas! Ƙota kawai ta rage a hannuna. Ƙarfen da ke cikinta bai kai tsawon ɗan yatsa ba, da gam aka liƙa shi.

Innalillahi! San ya yi wani irin kuka da ban taɓa ji ba, ya harba, igiyar baya ta tsinke. Mazan da ke danne da shi suka watse, ɗaya ya bugi bango da ƙeya. Na yi ihu, "Yazidu, saki! Saki, don ubanka!" Bai saki ba. Baba ya ce mai ƙaho ba ya saki sai mai wuƙa ya gama, shi kuma ya riƙe maganar. San ya miƙe da shi, ya girgiza kai sau ɗaya, ƙahon dama ya shige cinyar Yazidu ya ɓullo ta baya. Ya ɗaga shi sama, ya maka shi da bakin rijiya, ya bi ya taka. Na ji ƙarar ƙashi. Mata suka sa kururuwa, jini ya wanke siminti, ba ka sanin na sa da na mutum.

Na ciro rawanin Alhaji daga kansa ba sallama, na ɗaure cinyar tamau sama da raunin. Yazidu yana kallona. Kafin in ɗago, san ya ɓalle ƙyauren langa-langa ya fita titi da guntun ƙarfe maƙale a wuya.

"Ku nemo taksi ku kai shi asibiti!" na ce wa Alhaji. Na bar ƙanina a kwance na bi sa, don titin cike yake da mutane 'yan Sallah, kuma ni na jawo.

Ya kife teburin mai lemu, ya banke wani mai babur ya watsar da shi cikin kwata. Mutane suna hawa kan motoci. Wasu suna jifansa da duwatsu, abin da ya ƙara haukata shi ke nan. Ina gudu ba takalmi, ina bin ɗigon jini, ina zagin duk wanda ya tare min hanya. Sai da muka isa tashar jirgin fito ta Treichville, inda ruwa ya tare shi, sannan na lura har yanzu ƙotar banzan nan ce a hannuna. Jakar wuƙaƙena tana can tsakar gida.

Jirgi ya sauke fasinja ke nan, mata da goyo suna fitowa, san ya juyo yana haƙar ƙasa. Igiyar gaba tana jan ƙasa a bayansa. Na yi tsalle na cafke ta, ya ja ni a kan kwalta har fatar gwiwoyina ta saluɓe, na samu na naɗe ta a wani turken ƙarfe. Ya zo ƙarshen igiya da gudu, ƙafafun suka harɗe, ya faɗi rim. Wasu ƙarti masu dako suka haye shi. Na taka ƙahon da ƙafa, ƙahon nan mai jinin Yazidu, ina ihu da Hausa da Jula da Faransancina na kasuwa, "Wuƙa! Wa ke da wuƙa?"

Wata tsohuwa mai sayar da kifi a bakin tashar ce ta miƙo min tata. Baƙa ce, wasawa ta cinye ta har ta zama siririya, ƙotar an naɗe ta da robar tayar keke. Ko sunan maƙerinta babu. Na shafa ta a babban yatsa, na ji abin da nake nema. Na yi bisimilla na ja sau ɗaya. Jini ya yi tsartuwa ya wanke min fuska, san ya yi shure-shure ya yi shiru.

Na wanke mata wuƙarta na ce ta sayar min. Ta karɓe abarta ta ce uwarta ce ta bar mata. Ta dubi jinin da ke rigata ta ce, "Yako," wato sannu da yarensu, ta koma kan kifinta.

Malamin unguwa ya ce layyar ta yi, tunda yankan farko bai kai makasa ba. Gida bakwai suka ci nama. Ni ko tsoka ɗaya ba ta shiga bakina ba. Kwana uku likitoci suna fama da ƙafar Yazidu, ran na huɗu suka yanke ta sama da gwiwa. Da matarsa za ta wanke rigar Sallarsa, ta tarar da takardar garantin a aljihu, rabinta jini, ta ba ni.

Shagon da ya sayo wuƙar yana kusa da Mairie, ofishin magajin garin Adjamé. Mai shagon, wani Amir, ɗan gayu ne mai taushin murya. Na ajiye masa ƙota da guntun ƙarfe da takarda a kan kanta. Ya duba hatimi, bai tambaye ni komai ba, ya juya ya sauko da sabon kwali.

"Ga ta, Malam. Mu ba ma saɓa alkawari."

Na zare ta na maka a ƙarfen kantar. Ɓas, a daidai wurin da waccan ta karye. Na ce, "Canza." Ya zaro ido, ya sauko da wata. Na karya. Ta uku ma haka, guntun ya tashi ya fasa gilashin shagon. Na tsallake kanta na shaƙe wuyan rigarsa, na haɗa kansa da katako har ƙusoshi da guduma suka zubo mana. Na naushe shi a baki, na ƙara, haƙorinsa ya yanke min hannu. Maƙwabta suka shigo suna ja na, wani ya sauke min kujera a baya, ban saki ba.

"Ƙafar ƙanina fa? Sauko min da sabuwa! Sauko da ita, ɗan banza!"

Yana tofar da jini ya ce, "Malam, takardar ba ta ce ba za ta karye ba. Cewa ta yi in ta karye mu canza. Kai ne mahauci, kai ka san wuƙa."

Na sake shi. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi, don gaskiya ya faɗa. Na fito ba wanda ya tare ni, na bar masa takardarsa a ƙasa.

Da la'asar na je asibiti. Yazidu ya farka, ya rame, leɓunansa sun bushe. Zanen gadon ya kwanta shafal a inda ya kamata ƙafa ta ɗaga shi. Ya ga hannuna a naɗe, bai tambaya ba.

"Yaya, an ce ka je shagon. Sun canza?"

Na ce, "Sun canza."

"To ka gani." Ya lumshe ido, har da ɗan murmushi. Can ya lalubo hannuna ya riƙe. "Ni na sayo ta, Yaya, ka yafe min, na ba ka kunya gaban mutane. Kai ba ka da laifi. Ta yaya za ka sani?"

Na gyara masa zanen, na ce ya sha ruwa.