Sunan da Ke Kan Katin Shifa

Duk shekara idan watan Zulƙida ya kama, iyalin Yunus sukan naɗe tabarmarsu. Haka sharaɗin haya yake a gidan da suke zaune a unguwar Shisha, a ƙasa mai tsarki: wata goma na ɗan haya ne, sauran biyun na alhazai. Sai a ɗaure katifu, a kwashe tukwane, a hau da su wani ɗaki na langa-langa a kan rufin bene, a zauna cikin zafi har baƙin Allah su watse. Bana Yunus ya ƙudura a ransa ba za su sake hawa rufin nan ba.

Ya samo shiƙƙa, wato sashen gida a cikin bene, ta sayarwa a unguwar Zahir, hawa na biyu, ɗaki uku da falo, tagar kicin tana kallon wata magarya. Ya ba da kafin alƙalami, mai gidan kuma ya ce zai jira shi zuwa ƙarshen Shawwal, daga nan ba ruwansa. Abin da ya rage shi ne banki ya yarda ya sayi gidan, ya sayar masa ya riƙa biya wata-wata. To, nan ne gizo ke saƙar, domin Yunus ya taɓa karyewa.

A shekarun baya yana da bas-bas da ke jigilar alhazai tsakanin Arfa da Muzdalifa da Mina. Ya ci bashi ya ƙaro motoci, a shekarar kwangilar ta suɓuce masa. Maganar ta kai kotu, aka ba shi takardar da ke shaida ba shi da abin biya. Mahaifiyarsa ce ta sayar da gidanta na Zahir aka sallami masu bashi, ita kuma ta ƙarasa kwanakinta a ɗakin haya, ba ta taɓa yi masa gori ba. Tun daga nan yake kula da motocin wata makaranta, yana karɓar albashi, ko wayar hannu bai ƙara saya bashi ba.

Da safiyar ranar zuwa banki, matarsa Ruƙayyatu ta same shi yana sake jera takardu a kan darduma.

"Malam, takardun nan har sun gane ka," ta ce. "In ka ƙara buɗe su, gaishe ka za su yi."

"Ina duba ko na mance wani abu."

"Shayinka ka mance. Ga shi nan ya huce."

Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. 'Yarsu ta fari, wadda kowa ke kira Shifa, ta fito sanye da abaya a kan kayan aikinta na asibiti. Ita ce za ta haɗa albashinta da nasa, don nasa shi kaɗai bai isa ba. A mota ba su yi wata hira ba. Dama haka suke, ita da shi, sai gaisuwa da abin da ya zama dole.

A banki Shifa ta wuce ɓangaren mata, shi kuma aka kai shi ofishin wani matashi mai suna Talal. Yunus ya ga an rubuta Hausawi a ƙarshen sunansa, sai ya ji ɗan sanyi a ransa, ya ce masa, "Sannu da aiki."

Talal ya yi murmushi ya amsa da Larabci, yana kiransa ya ammi, wato kawu. "Ka yi haƙuri, ya ammi. Hausata ba ta wuce sannu da tuwo ba."

Suka koma Larabci. Talal ya daɗe yana kallon kwamfuta, Yunus kuma yana kallon fuskarsa.

"Tsohuwar maganar an rufe ta," in ji Talal. "Shekarun da ake buƙata sun wuce, takardar sallamarka ma ga ta. Amma ba zan ɓoye maka ba, mai irin tarihinka, can sama ba sa ɗaga masa ƙafa ko a kan wasali ɗaya. Wa za ku haɗa albashi da shi?"

"Yarinyar gidana."

"Sunanta?"

"Shifa."

Talal ya duba kwafin katin shaidar da ke gabansa, ya juya shi, ya sake dubawa. "Babu Shifa a nan."

"Ita ce dai."

"To faɗa mini sunan da ke kan katin."

Yunus ya nuna takardar. "Ai yana gabanka, ɗana."

Talal ya ajiye biro a hankali. Ƙarar ajiyewar ba ta kai komai ba, amma Yunus ya ji ta sarai. Ya san wannan ajiye biron. Haka wani ma'aikaci ya taɓa ajiye nasa, ranar da aka ƙwace motocin.

"Ya ammi, kada ka ji haushina," Talal ya ce. "Mun sha ganin wanda ke kawo katin 'yarsa ba da saninta ba. Mun ga wanda ya kawo na 'yar wani. Dole in ji daga bakinta."

Ya buga waya, ba a jima ba Shifa ta shigo. Yunus ya kawar da kansa wajen bango, kamar yadda ya saba yi duk sanda take kusa a gaban mutane. Sai da ya kawar ɗin ya gane Talal na lura da shi. Ya so ya juyo, wuyansa ya ƙi.

"Da yardarki kika zo?" Talal ya tambaye ta.

"Ni na kawo shawarar ma. Wata uku ina bin mahaifiyata ta shawo kansa."

"Na tambaye shi sunanki bai faɗa ba. Kin shigo kuma bai dube ki ba."

Dariya ta kusa kuɓuce wa Shifa, sai ta ga fuskar mahaifinta, ta haɗiye abarta. Ta zauna ta yi wa Talal bayani dalla-dalla, kamar yadda take yi wa marasa lafiya bayanin magani. Ita ce 'yar fari, kuma a wurinsu uba yana jin kunyar ɗan fari, ba ya kama sunansa, ba ya wasa da shi a gaban jama'a. Daɗin daɗawa, sunan mahaifiyarsa aka sa mata, ɗa kuwa ba ya kiran sunan uwarsa gatsal. Ranar sunanta kakarta ta tashi daga wata doguwar jinya, shi ya sa aka laƙaba mata Shifa, ya bi ta har yau.

Talal ya ɗauki biron yana juya shi. "Kakata har ta rasu 'wannan' take ce wa babana," ya ce. "Ni duk zatona ba ta son shi ne."

Ya gyara zama. "Na yarda da ku. Sai dai ba ni kaɗai ba ne. Yanzu babban ofishi zai kira wayarka, ya ammi, kuma naɗar maganar suke yi. Za su tambaye ka cikakken sunan wadda kuka haɗa albashi. In ka ce Shifa, ko ka yi shiru, za su rubuta bayani bai dace ba, su dawo da fayil ɗin. Sake shigar da shi kuwa sai bayan Hajji."

Bayan Hajji. Yunus ya hango Ruƙayyatu tana hawa matakalar rufi da tukunya a ka, tana tsayawa a kowane hawa tana dafa gwiwa. Ya hango kafin alƙalaminsa ya tafi, wani kuma yana leƙen magaryar nan ta tagar kicin.

"Ba zan iya rubuta musu ba?" ya tambaya.

"Murya suke so."

Shifa ta matso kaɗan ta yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa. "Baba, bari in fita. In ban ji ba, ai kamar ba ka faɗa ba ne."

Ta miƙe. Wayarsa da ke kan tebur ta fara ruri, tana zagaya kanta a kan gilashin. Yunus ya dube ta, ya dubi ƙofa, sannan ya ɗaga kai ya dubi 'yarsa sosai. Tana da goshin Hajiya mahaifiyarsa, da irin tsayuwarta, kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Waccan ta sayar da gidanta dominsa, wannan kuma za ta ɗaure albashinta na shekaru masu yawa.

"Zauna," ya ce.

Ya ɗauki wayar. Wata murya ta gaishe shi, ta sanar da shi ana naɗa, ta tambayi sunansa da lambar katinsa da wurin aikinsa. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Sai muryar ta ce, "Sunan wadda kuka haɗa albashi?"

Talal ya sunkuyar da kai kan takardunsa. Shifa ta zuba ido a kan takalmanta.

"Kana ji na?" muryar ta ce.

"Ina ji." Ya ja numfashi. "Zubaidatu. Zubaidatu Yunus Mailafiya."

"Mece ce ita a wurinka?"

"'Yata ce. Ta fari."

Muryar ta yi godiya, ta ce za a turo saƙo idan an gama dubawa. Ya ajiye wayar. Talal ya tura masa kwalbar ruwa, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Sannu, Baba."

Kwanakin da suka biyo baya Yunus bai rabu da wayar ba. Ko alwala zai yi sai ya ɗora ta inda zai gan ta, duk saƙon da ya shigo kuma sai ya yi wuf ya duba, ko da tallar kamfanin waya ne. Saƙon banki ya iso ana saura kaɗan Shawwal ya ƙare, yana tsaye a garejin makaranta ana canza wa wata bas taya. Ya karanta, ya ba direban ya sake karanta masa, sannan ya kira gida.

Da Zulƙida ya kama, Ruƙayyatu ta ɗaure katifu kamar kowace shekara, sai dai bana ƙasa aka yi da su, za a kai su Zahir. Yunus na tsaye a bakin motar kaya yana nuna inda za a sa kowane ƙunshi, sai ga 'yarsa ta sauko rungume da akwatin kofuna.

"Baba, ina zan ajiye wannan?"

Ya kawar da kai wajen titi. "Ke, sa shi a gaba, kada ya fashe."