Rana a Kan Allura

Baba Tela bai taɓa ƙin mutum a gani ɗaya ba sai ranar da ya ga Injiniya. Ita ce hukumar gidaje ta turo ta zana benen masu ƙaramin ƙarfi a filin da ke gabas da shagonsa, kuma ta wannan fili rana take shigo masa. Idonsa ya yi rauni. Ƙwan lantarki dishi-dishi yake masa, sai da hasken safiya yake iya zura zare a allura. In bene ya tare rana shago ya mutu, shi kuma sai zaman kashe wando a gidan ɗansa, abin da yake tsoro ke nan.

Matar kuwa ta ƙi zaman ofis. Kujerar roba ta kafa a bakin titi, tana kallon inda mata ke shanya, da inda 'yan makaranta ke yanke hanya, tana auna tsayin gidajen layin da ido. Har aka fara cewa ta rasa aikin yi.

Wata safiya ta shigo shagon da bandir na farin yadi mai kauri.

"Baba, a haɗa mini shi ya zama ƙyalle ɗaya. Zan ɗaga shi a kan ƙarafa daidai tsayin ginin, in ga inda inuwa za ta faɗa."

"Wato ni zan ɗinka likkafanin shagona," in ji shi.

Ya ɗinka kuwa, ɗinki mai kyau, don ƙiyayya daban, sana'a daban.

Ranar da aka ɗaga ƙyallen, inuwa ta tsallako titi ta kwanta a kan kekensa. Injiniya ta leƙo ta same shi yana lalube, zare yana ta kauce wa allura. Ya yi saurin ɓoye hannu, kunya ta kama shi. Ba ta ce masa sannu ba, shi ma bai so ta ce ba. Tsayawa ta yi a bakin ƙofa tana yi wa ma'aikata alama su riƙa sauke ƙyallen kaɗan-kaɗan, har haske ya dawo kan keken.

Daga baya ya ji an kai ruwa rana da ita a hukuma, domin ba a yarda a rage ko ɗaki ɗaya ba, mutane na jira. Ba ta rage ba. Zanen ta sake tun daga tushe, ta kwashe ɗakunan sama ta kai su baya, wajen tashar mota, inda inuwa ba ta cutar kowa. Ginin ya fito kamar matakala, gabansa kafaɗa ɗaya da gidajen layin, ga kuma rariya ta tsakiya don 'yan makaranta. Baƙo sai ya rantse tare aka gina su.

Da aka fara tarewa ta sake zuwa, ɗauke da ƙyallen nan.

"Baba, ga likkafaninka. A yanka shi labule, masu shiga da yawa ba su da shi."

Godiya ta cika masa ciki, amma bakin ya ƙi. Ya lashi zare, ya ɗaga allura, ya zura a tashi ɗaya.

"Matsa gefe, 'yar nan," ya ce. "Kina tare mini rana."